Filasko a Kwali Mai Ƙyalli

Warin ne ya tona masa asiri. Na je duba jikana a unguwar Belleville, ina shiga ɗaki na ji warin yana tashi daga kofin shayi, ɗaci-ɗaci kamar jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ga kwalin a kan tebur sai ƙyalli yake, da hoton wata mace ciki a shafe. Wai shayin detoks, mai wanke dattin ciki. Ni dai hancina bai iya Faransanci ba, filasko ya ji.

Ka ga, a gidan haya na unguwar Adjamé na tashi, iyalai barkatai, makewayi ɗaya. Duk damina sai wani mai magani ya kafa lasifika a bakin tasha, inda ƙananan motocin haya da ake kira gbaka ke lodi, yana rantsuwa cikin kowa cike yake da datti. Ran Asabar rabin gidanmu su sha filaskonsa. Ran Lahadi da safe zo ka ga layi, kowa da butarsa, ana matse-matse ana dukan ƙofa. Mu yara dariya har da hawaye.

Kakata ko kurɓa ba ta taɓa yi ba. Takan taɓe baki ta ce, "Ciki tukunya ne da za a kankare shi?" Ita abinta kullum iri ɗaya ne, har ya gundure mu. Da ƙafa take zuwa kasuwar Gouro, ta dawo da kuɓewa da yalo da ganyen dankali. Ruwa sai an tafasa ya huce a randa. Tuwo kafin isha'i, kuma ba ta ƙari. Ba mai ɗaukar lasifika a kan irin wannan, tunda ba abin sayarwa a ciki.

Baffana, ƙanin babanmu, yana dako a tashar jiragen ruwa ta Treichville, shi ya yarda da mai lasifika. Wata Litinin aka kawo shi ranga-ranga, ya zube da buhu a ka, idanu sun zurma, leɓe ya bushe. Kaka ba ta yi masa faɗa ba, kunu da ruwan gishiri da sukari ta yi ta ɗura masa da cokali. Mai magani kuwa ya sauya tasha.

To yanzu lasifikar ta shige cikin waya, ta shafa hoda. A can 'yata ta gano shayin, ita da take jego tana shayarwa, wai teɓa take so ta sauke. Na ɗauki jikana na ji shi sakayau. Kukansa ba ƙarfi, yana ta jan nono yana saki, maɗigarsa ta faɗa.

'Yar tawa 'yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta tsawata masa ido da ido, sai dai ta aika goggo ko ƙanwa. Tun da na haife ta, "ke" da "waccan" nake ce mata. Sai na yi kewaye-kewaye.

"Wannan shayin, an ce mai jego ma ta sha?"

Idonta a kan waya ta ce, "Maman, c'est naturel, ganye ne zalla."

Ganye! Tsoro ya kama ni, wallahi, haɗe da haushi. Na waiga, ba goggo, ba kowa. Kawai sai na ji bakina ya kira sunanta, cikakkensa. Ta ajiye wayar tana kallona kamar yau ta fara ganina.

Na ce, "Ɗauki mayafinki, asibiti za mu kai yaron nan."

Aka ƙara masa ruwa, ita kuma aka hana ta shayin. Nono ya dawo a hankali, da kunun kanwa da miyar ganye da barcin rana.

Na san a da sai an yi da ni, a ce na zubar da kunya. Amma mai tallar yanzu ba ya tsayawa a bakin tasha, har gado yake bin 'ya'yanmu, kafin a aika goggo ya gama ɓarna. Ban sake kiran sunan ba, har yau nauyinsa nake ji a harshena. Jiya dai yaron ya gantsara min cizo da sababbin haƙoransa, na yi ƙara, na kuma gode wa Allah.