Sandar Mai Gidana a Cikin Tanki

Wayyo ni, ku ji abin da direba ya yi mini yau!

Na hau mota daga Damana zuwa Filinge, riƙe da sandar marigayi mai gidana. Ko ruwa ban bari ya taɓa ta ba, don ƙanshin hannunsa na jikinta.

Tsakiyar daji direba ya tsaya. Wai allurar da ke nuna mai ta kwanta! Ya bubbuga gilashin, ya ja wayoyi, shiru.

Ya ce, "Inna, ara mini sandarki."

Na ce, "Ɗana, ta mamaci ce!"

Ban rufe baki ba ya zura ta cikin tanki. Ta fito jiƙe sharkaf!

"Alhamdulillahi, allurar ce ke ƙarya!"

Kowa na murna, ni ina kuka. Na murza ta da rairayi, na shinshina. Warin mai kawai!