Ranar da Malam Idi ya tsuguna

Mun tashi da asuba, ni da abokin tafiyata, tun masu ƙosan bakin titi ba su hura wuta ba. Jakata ɗaya ce, rabinta tufafi, rabinta tsofaffin ƙwallaye da safar hannu ta fata. A filin jirgin Kano wani ma'aikaci ya ciro ƙwallo ɗaya, ya jujjuya shi, ya tambaye ni ko magani ne. Na ce masa ƙwallon besbol ne. Ya ce Allah ya ba da lafiya, ya mayar mini da abina.

Ban ga laifinsa ba. Na shafe shekaru ina koyar da wannan wasa a makarantar sakandare, har yau a gidanmu ana cewa wasan sanda nake koyarwa. Ga wanda bai taɓa gani ba, zuciyar wasan mutum uku ne. Mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudu a tsakiyar fili. Mai bugu, na ɗaya ɓangaren, yana riƙe da sanda yana jiran ƙwallon. A bayansa kuma mai cafkewa yana tsugune, shi ne ke nuna wa mai jifa da yatsu irin jifan da zai yi, sama ko ƙasa, mai gudu ko mai lanƙwasa. Wato na tsugunen ne ke ba da umarni, na kan tudu yana bi.

Abin da ya kai ni Jidda gayyata ce daga wani Usama, manajan wata ƙungiya da yawancin 'yan wasanta Hausawa ne. A bana aka karɓe su cikin gasar da ake biyan 'yan wasa albashi, kuma kafin a buɗe kakar wasa dole ya miƙa sunayen mutanensa da gurbin kowa. Ya roƙi in zo in zauna da su kwana goma, in duba masa.

Muna sauka zafin garin ya rungume mu. Ba irin namu ba ne mai ƙona fata, wannan mai laima ne, kana tsaye ba ka yi komai ba riga ta manne maka a baya. Muka fara wucewa Makka muka yi umara, kashegari muka dawo masaukin da aka kama mana a Bagdadiyya. Titunan Jidda faffaɗa ne, sumul, amma direbobinta kowa sauri yake kamar ya bar tukunya a wuta. Da safe muka karya da ful da tamis, wato dafaffen wake da wani faffaɗan burodi mai zafi, a kan riyal kaɗan. Abokin tafiyata ya soma juya kuɗin zuwa naira, na ce ya bari, in ya ci gaba da haka da azumi zai koma gida.

Filin atisayen yana can kudu, wajen Kurayyat, bayan wasu ɗakunan ajiyar kaya. Bayan la'asar ake taruwa, domin kowa da aikinsa, daga direba sai mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Kwana biyu na yi ina kallo ban ce uffan ba. Masu tsaron nesa suna da gudu, amma sukan yi karo da juna don babu mai kiran ƙwallo ya ce nawa ne. Mai tsaron tasha ta ɗaya, cikin tashoshin da mai bugu ke zagayawa da gudu ya ci maki, dogo ne, hannunsa ba ya kuskure. Masu bugu biyu na gani waɗanda za su ba kowace ƙungiya ciwon kai. A raina na ce mutanen nan ba za su zama na ƙarshe a gasa ba, in dai aka gyara tsakiya. Tsakiyar kuwa a lalace take.

Mai jifansu Malam Idi ne, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, haifaffen Jidda daga Hausawan Sudan, mai shagon yadi a Bab Makka. Tun yana saurayi ya koyi wasan a wajen 'yan Filifin da ya yi aiki da su, kuma shi ya tara ƙungiyar tun ba ta da ko riga. Kansa cike yake da wasan, yana kallon tsayuwar mai bugu ya san inda rauninsa yake, sai dai kafaɗa ta gaji, jifansa ya yi sanyi. Mai cafke masa kuwa Musbahu ne, wani direba ɗan Damagaram. Abin mamaki, tunda na zo ban ga Musbahu ya nuna yatsa ko ɗaya ba. Zai tsuguna, ya sunkuyar da kai, ya buɗe safa, duk abin da ya zo ya karɓa. Amma in zai mayar da ƙwallon tasha ta biyu, sai ka ji iska ta yi kuka.

Usama ya ja ni gefe, da Hausarsa mai gauraye da Larabci. "Ya ustaz, halas, shi ke nan, na yanke. Ammi Idi zai fita daga jerin. Ranar Asabar muna da wasan gwaji, Lahadi zan miƙa sunaye." Na ga idonsa ya yi ja da yake faɗa, don Malam Idi ne ya fara ba shi sanda a hannu. Na ce ya ba ni zuwa Asabar ɗin.

A rana ta uku na gano bakin zaren. An tashi atisaye, an kawo tsire, wanda a can suke kira sire, kowa ya sa hannu, sai na ga Musbahu ya ɗauki nasa ya zagaya bayan mota. Na tambayi na kusa da ni ko faɗa suka yi da wani. Ya yi dariya ya ce ai ba ya ci a gaban surukinsa, 'yar Malam Idi ta fari yake aure. Nan take komai ya faɗa mini a wurinsa. Ta yaya mutum zai kafe uban matarsa da ido, ya ɗaga masa yatsa ya ce yi kaza? Usama ya ɗauka rashin ƙwarewa ne, alhali kunya ce tsagwaronta. Su kuwa sauran sun ga tsarin ya yi daidai, babba a kan tudu, ƙarami a tsugune gabansa, ba wanda ya taɓa tunanin a taɓa shi.

Maganin a fili yake, amma ɗaci gare shi. A mayar da Musbahu kan tudu da wannan hannu nasa, Malam Idi ya koma cafkewa, inda kai ake buƙata fiye da kafaɗa, kuma umarni ya riƙa fitowa daga babba zuwa ƙarami. Sai dai hakan na nufin suruki ya tsuguna a gaban mijin 'yarsa, a bainar jama'a, sau ɗari a wasa ɗaya. Ni kaina da na hango abin sai da na ji nauyi. Amma na ƙudurta ba zan hau jirgi in bar mutumin nan a waje ba tare da na gwada ba.

Da hantsi na nufi Bab Makka. Kasuwa ce da ba ka tafiya a miƙe, ga masu dabino, ga masu turare, ga atamfa da shadda an jera har rufi, Hausa tana tashi ta ko'ina har ka manta ƙasar da kake. Na sami Malam Idi yana auna yadi. Ya sa aka kawo mini shayi mai na'ana'a, muka gaisa sosai, sannan na faɗa masa komai ban rage ba, har da maganar Usama.

Ya daɗe yana naɗe yadin da ya riga ya naɗe. Can ya ce, "Malam, ka san abin da kake nema kuwa? Mutanen Kurayyat za su zo kallo. 'Yata ma za ta zo."

Na ce, "Na sani, Malam Idi. Amma in ka fita, hannun Musbahu ba shi da mai ja masa gora. Ku biyun za a rasa."

Ya ajiye yadin, ya miƙe. Ya rako ni bakin shago, ya ce in gaida abokin tafiyata. Alhamis bai zo atisaye ba, Juma'a ma haka. Na sa Musbahu jifa da wani mai cafkewar, ƙarfi kamar me, amma ƙwallo ɗaya a gabas ɗaya a yamma. Gaskiya na karaya, har na fara zargin kaina da zuwa garin mutane in raba abin da na tarar a haɗe.

Ranar Asabar fili ya cika, mata a gefe ɗaya cikin baƙaƙen abaya, maza sun jingina da motoci. Saura kaɗan a fara sai ga Malam Idi ya fito daga mota, sanye da sulken ƙirji da makarin fuska na mai cafkewa. Bai kalli kowa ba. Ya taka har bayan mai bugu, ya gyara ƙasa da ƙafarsa, ya tsuguna.

Musbahu yana kan tudu, da ya ga haka sai ya sauko da sauri, ya cire hula, shi ma ya durƙusa. Ga suruki a tsugune, ga mijin 'ya a durƙushe, alƙalin wasa Balarabe ya rasa abin da ake ciki. Wasu suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Sai Malam Idi ya ɗage makarin fuskarsa.

"Tashi ka hau," in ji shi. "A gida ni ne babanka, a nan ma ni ne. Yalla, dube ni."

"To, Baba," in ji Musbahu.

Ya hau, ya ɗago kai, karo na farko tun zuwana na ga sun haɗa ido. Malam Idi ya sauke yatsa ɗaya. Ƙwallon ya shiga safarsa da ƙara kamar an fasa faranti, mai bugu ko motsi bai yi ba. Ni da na zo da taurin rai sai ga ni ina goge ido da hular wasa.

Ba mu ci wasan ba, da maki ɗaya aka fi mu, don masu tsaron nesan nan sun sake yin karo. Amma Lahadi Usama ya nuna mini takardar kafin ya miƙa: Musbahu mai jifa na farko, Malam Idi mai cafkewa kuma kyaftin. Na bar musu aikin kiran ƙwallo da atisayen gwiwa ga dattijon, don gurbin nan yana cin gwiwa.

Mun sauka Kano da yamma, jakata ba ƙwallo ko ɗaya, sai dabino da yadi biyar na shadda da Malam Idi ya tura mini dole. A hanyar gida na yi ta tunani. Na tafi da niyyar koya wa mutane gurbin da ya dace da kowa, sai na tarar sanin gurbin ba shi ne mai wuya ba, yarda a sauka zuwa gare shi ne. Shekara da shekaru ina gaya wa ɗalibaina cewa na tsugunen ne ke jan wasa, amma ban taɓa ganin abin da idona ba sai a Kurayyat. Jiya Usama ya turo mini hoto daga cin abincin ƙungiya. Kowa yana kan tabarma, Malam Idi a tsakiya, Musbahu kuwa ƙafafunsa kawai ake hangowa a bayan mota.