Amin Ɗin Matar Direba

A gidan hayar nan mai ɗakuna a jere, Matar Direba ake ce mata, kuma tana amsawa. Mijin nata kuwa ko babur bai iya tuƙawa ba. Ɗan sanda ne, kofur, amma duk gidan babu wanda ya sani sai shi da ita.

'Yar kafinta ce, ta tashi cikin ƙamshin katako da ƙarar zarto. Ranar da ta kawo maganar saurayin nata, mahaifinta ya ajiye guduma ya dube ta ya ce, "Kin dai san abin da ake faɗa a kansu." Ta ce nata daban ne. A lokacin gaskiya ta faɗa, don yaro ne mai kunya, wanda ko kaza aka ce ya kama sai ya ba ta haƙuri tukuna.

A gidan da suka fara zama kowa ya san aikinsa, ita kuma ta ɗanɗana kuɗarta. In ta iso bakin famfo, hira ta mutu. In ta ɗaura sabon zani, sai ta ji an ce a bayanta, "Gumin direbobi ne wannan." Wadda ta ƙi amsa mata gaisuwa jiya, ita ce za ta ƙwanƙwasa mata ƙofa yau da kuka, an kama ƙaninta, a taimaka. In an taimaka a ce dama nasu ne, in ba a iya ba a ce mugunta ce. Da ta gaji, ta matsa masa suka tashi.

Ranar da suka sauke kaya a sabon gida, wata dattijuwa mai keken ɗinki a ɗakin farko, wadda kowa ke kira Inna Tela, ta kawo mata ruwa ta ce, "Maigidan naki me yake yi ne, 'yar nan?"

"Harkar motoci yake, Inna," in ji ta. Ba ƙarya tsagwaronta ba ce, tunda a bakin titi yake yini yana tsayar da su.

"Au, direba! Madalla."

Ta buɗe baki za ta gyara, sai ta ga yadda matar ke mata murmushi, irin wanda ta daɗe ba ta gani ba. Ta rufe bakinta, suna ya zauna.

Daga nan rayuwarta ta koma ta ɓoyo. Shi yana fita da safe cikin riga da wando irin na kowa, kakin na ƙunshe a jaka, sai ya isa caji ofis ya canza. Takalman aikin suna cikin buhu a ƙarƙashin gado. Wanki kuwa a ɗaki take yi, ƙofa a kulle, ta shanya a igiyar da ta ɗaura daga ƙusar taga zuwa saman kabad, ta kunna fanka in akwai wuta. Ɗakin kullum warin damshi yake. Matan gidan suna tsokanarta, wai kayan mijinta na zinariya ne da ba ta yarda rana ta gani. Sai ta yi dariya ta ce kishi ne da ita, ba ta so a ƙare masa kallo ko a kan igiya.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke cin ta shi ne amin.

Da la'asar mata kan baje a tsakar gida, wannan na tsince shinkafa, waccan na kitso, kuma hira ba ta yin nisa sai ta faɗa kan 'yan sanda. Kowa da nata tabon. An ƙwace wa mijin wannan kaya a hanya, an mari ɗan waccan a gaban matarsa. Abin haushin shi ne yawancin labaran gaskiya ne, kuma ita ta fi su sani. A ƙarshe wata za ta ɗaga hannu ta ce Allah ya isa, Allah ya wulaƙanta su, sauran su amsa da amin baki ɗaya.

Matar Direba ta ƙware wajen kauce wa wannan kalma. Daidai lokacin ne tari ke kama ta, ko ta tuna ta bar tukunya a wuta, ko ta sunkuya ta gyara wa 'yarta ɗankwali. In an matsa, ta motsa leɓe ta ce "Allah ya kyauta" ƙasa-ƙasa, ya ɓace cikin amin ɗin jama'a. Tana tsoron kalmar nan ƙwarai. A ganinta, ranar da ta furta ta, da bakinta ta ja wa ɗakinta masifa.

Haka ta yi shekaru, a gidan ma ta haifi 'yar tata. Inna Tela ce ta riƙe ta ranar naƙuda, ita ta yi mata jinya, ita ta ɗinka wa jaririyar rigar farko. Yarinyar ta taso tana manne da ubanta, har aka sa mata 'Yar Baba. Yana da ɗabi'ar kaɗa makullai a yatsa in yana tafe, da ta ji ƙarar daga ƙofar gida sai ta kwasa da gudu. Ita ma dai ta san babanta direba ne, har tana faɗa wa ƙawayenta motarsa ta fi ta kowa girma.

Inna tana da ɗa guda, mai gyaran waya a bakin kasuwa, ana masa laƙabi da Injiniya. Wata ranar aiki aka tare shi a shingen bincike da jaka cike da wayoyin mutane, aka ce na sata ne. Ya yi bayani, bayanin ya zama rashin kunya, aka wuce da shi caji ofis. Da aka sako shi bayan kwanaki, hannunsa na dama ya kumbura, yatsu biyu sun daina lanƙwasuwa. Mutumin da ke cin abinci da ƙananan sukurori, yanzu ko cokali sai da hagu.

Matar Direba ta shiga gaishe shi da sauran mata. Yana zaune kusa da keken ɗinkin uwarsa yana ba da labari a hankali. Ya ce da rigarsa suka rufe masa fuska, bai ga kowa ba. "Amma na ji akwai wani a bakin ƙofa," in ji shi, "shi ya buɗe musu. Bai dake ni ba, bai ce komai ba. Makullai kawai yake ta kaɗawa har suka gama."

Ba ta san yadda ta kai ɗakinta ba.

Da mijin ya dawo da azahar, ta bari ya zauna bakin gado, ta tura ƙofa ta ce, "A ofishinku aka tsare shi?"

"A nan ne."

"Wa ke riƙe da makullin?"

Ya dubi kakin da ke ɗiga a kan igiya. "Wallahi ban taɓa shi ba."

"Ban ce ka taɓa shi ba. Ɗan Inna ne fa. Shi ya gyara maka waya kyauta."

"Kina ganin ban gane shi ba? Wanda ya ce in buɗe, da kalma ɗaya zai tuɓe min rigar nan, ko ya sa ni a ɗakin da kaina. In na yi magana, wa zan kai wa? Shi ɗin dai." Ya goge fuska da tafin hannu. "Ki faɗa min abin da za mu ci, sai in je in yi jarumta."

Maganar nan ta fi komai ƙona mata rai. Ta yi tunanin tafiya, amma mahaifinta ya rasu, shagon ma an sayar. Ta yi tunanin su sake tashi, sai ta ga sabon gida, sabuwar igiya, sabuwar ƙarya. Ta yi tunanin zuwa ta durƙusa gaban Inna ta faɗi gaskiya, ta kuwa san daga ranar ba ta da uwa a gidan nan. Abin da ta iya yi a ƙarshe shi ne ta ɗauki makullan ɗakinsu ta naɗe su tam da roba, don kada su ƙara yin ƙara.

Da la'asar aka kira ta tsakar gida. Mijin yana ciki, labule kaɗai ke tsakaninsa da su. Inna Tela ta fito ba ta ko taɓa keke ba ranar, idanunta sun yi ja. Ta zauna kusa da Matar Direba, ta kama hannunta ta riƙe, don a gidan ita ce 'yarta.

"Ni ba ni da kowa sai Allah," in ji Inna. "Waɗanda suka karya min yaro, Allah ya isa. Wanda ya buɗe musu ƙofa ya tsaya yana kallo, shi ma ban yafe ba. Yadda na ga wannan a kan ɗana, Allah ya nuna masa a kan nasa."

Tsakar gida ta ɗauka da amin. Wanda ya fi kowanne ƙarfi na 'Yar Baba ne, tana zaune a cinyar uwarta, ta shafa 'yan hannuwanta a fuska kamar yadda ta ga manya suna yi.

Matar Direba ta nemi tari, ya ƙi zuwa. Babu tukunya a wuta, hannunta kuma yana cikin na Inna. Yarinyar ta ɗago kai ta ja mata mayafi.

"Umma, ba ki ce amin ba."

Mata suka yi 'yar dariya, suka juyo suna jira. Inna ma ta juyo, da idon nan nata mai yarda. A bayan labule gado ya yi ƙara kaɗan, alamar mutum ya tashi zaune.

Ta rungume 'yarta har sai da yarinyar ta ce zafi.

"Amin," in ji Matar Direba.