Fiyanon Malama da Kwanon Tuwonmu

Na haura shekara arba'in kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci a Tudun Wada. Malamarmu dattijuwa ce, Kirista, mazauniyar Hanwa. Ran Asabar takan tara 'ya'yanmu a gidanta ta kaɗa musu fiyano. 'Yata mai shekara tara tana zuwa, da ɗan yayana.

Kiɗan na wani Bature ne da ya daɗe da mutuwa. Malama ta ce yawo yake fita daji, ya saurari ruwan sama da kukan tsuntsaye, ya dawo ya rubuta. Takan sa yara su rufe ido su faɗi abin da suka ji. 'Yata ta ce ita yayyafi ta ji a kan rufin ɗakinmu.

Labari ya kai wa yayana. Gida ɗaya muke, kuma tun rasuwar mahaifinmu kwano ɗaya muke ci a zaure.

Ya ce, "Waƙar coci kake kai su koyo?"

Na ce, "A'a, Yaya."

Na ɗauko takardar da Malama ta ba yaran, labarin mutumin da Hausa. Na ɗora yatsa a kan layi, ina haɗa baƙi da wasali. Na daɗe. Ban taɓa karatu a gaban kowa ba sai a aji.

Da na kai ƙarshe ya ce, "To wa yake wasawa? Sarki ko attajiri?"

"Ba kowa."

"Kiɗa ba ubangida, ba waƙa. Ashe ma mahaukaci ne." Ya ture takardar. "Boko ya same ka da furfura, ga abin da ya haifa. Gidan nan ba a taɓa yin makaɗi ba. Ni na cire nawa. Ka cire taka, ko mu raba kwano."

Na ɗauke takardar, na kaɗe ƙasar da ta kama ta.

Asabar ta zo, na tarar yarinyar ta riga ta sa hijabinta tana jira a bakin ƙofa. Na tsayar mana da acaɓa.

Bayan magariba aka fito da tuwo kwano biyu. Yayana ya ja nasa zuwa bakin zaure, ya ba ni baya. Har yau haka muke ci.