Ɓawon Tagellar Kaka

A Outoul na tashi, gefen Tamanrasset, inda Babanmu ke aikin ban ruwa a wani lambu. Mahaifiyarsa, Kaka Hurera, ta biyo shi daga Damagaram da tabarmarta da tatsuniyoyinta. A wurin maƙwabtanmu Buzaye ta koyi tagella, gurasar da ake binnewa cikin rairayi mai zafi a rufe da garwashi. Da an idar da magariba, sanyin duwatsu ya fara saukowa, sai ta binne ƙullunta ta ce, "Ku matso, tatsuniya ta zo, ku ba ta wurin zama."

Tsawon tatsuniyarta daidai yake da nunar gurasa. A inda labari ya fi daɗi take tsayawa, ta ɗauki sanda ta ture garwashi ta juya tagellar, mu kuwa kamar mu yi kuka.

Akwai guda da nake so nake kuma jin haushi. Wata budurwa ce tana gasa tagella a bakin rijiya, ƙamshin ya jawo wani saurayi ɗan ayarin gishiri. Kallo ɗaya ta yi masa zuciyarta ta tafi. Da ta tono gurasar ta ga toka da ƙuna a jikinta, kunya ta kama ta. Maimakon ta kakkaɓe ta ɗauraye kamar yadda kowa ke yi, ta sa wuƙa tana kankarewa tana jefa wa awaki ɓawon, har abin ya koma kamar ƙwallon dabino, fari fat. Saurayin ya duba ya ce, "Ƙamshin da ya kawo ni, ina kika kai shi?" Ta nuna awaki. Ya yi godiya, ya bi ayarinsa.

Ni kuwa sai in ce, "Kaka, ki dawo da shi su yi aure mana!"

"Balki ƙawata, shi ma yunwa gare shi, ba so kaɗai ba."

Da na kai shekara goma sha uku, wata 'yar kasuwa ta fara ara mini littattafan soyayya. Na nutse. Masoya a falo, turare, hawaye kan matashin kai. Wani maraice Kaka ta sake ɗauko labarin budurwar, ta kai daidai wurin wuƙa, sai na ce a gaban ƙannena, "Tatsuniyarki warin hayaƙi take yi. A littafi masoya kaza suke ci."

Ba ta yi faɗa ba. Ta juya gurasarta, ta daɗe tana gyara garwashin da bai buƙatar gyara. "To, ki je su ba ki kazar," ta ce. Ranar ba ta ƙarasa ba, kuma har ta rasu ban sake jin wannan labarin a bakinta ba. Ni ma girman kai ya hana ni roƙo.

Yau ina da aure da 'ya'ya uku a cikin gari. Idan sun tafi karatu lekkol, maigidana ya tafi shago, nakan ɗora tukunya in ɗauki kaye da bik, takardar rubutuna da alƙalamina. Shekara biyu ina rubuta littafi, ina fatan rubutu ya zama sana'ata, in zama wadda ake kira marubuciya. Na tura wa wata Hajiya a Maraɗi wadda ke zaɓen labarai tana fitar wa masu karatu ta waya. Ta maido mini da saƙon murya.

"Ƙanwata, hannunki na da daɗi. Amma wannan Alhajin mai bene da wannan falon, sau nawa na karanta su? Ke a ina kike zaune?"

Na ce mata Yamai. Ƙarya na yi, ban ko yi tunani ba. Na ji kunyar in ce Tamanrasset, garin 'yan ci-rani da manyan motocin kaya.

"Ko Yamai ɗin ban ji ƙamshinta a ciki ba," ta ce. "Turo mini shafi ɗaya da ba wanda zai iya rubutawa sai ke. In ya yi, mu yi aiki tare."

Kalmar ƙamshi ce ta zaunar da ni a ƙasan madafa. Shafi ɗari biyu na kankare fari fat. Lambun Babana, sanyin duwatsu, matan da ke jiran mazansu daga garin In Amguel, tsohuwar da na kunyata, duk na jefa wa awaki.

Washegari na sayo gawayi, na sa aka kawo mini rairayi daga rafi, na gasa tagella a tsakar gida. Gefe ɗaya ya ƙone. Na kakkaɓe, na ɗauraye, yara suka cinye har ɓawon. Sannan na buɗe sabon kaye, da toka a yatsuna, na rubuta wa Hajiya layin farko: "Ƙarya na yi miki. A Outoul na tashi."