Hoton Dogo a Taron Konni

Tajaye

Da asuba na fito, ko koko ban sha ba. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Tajaye, baƙo, shekarata ta biyu ke nan a garin. Mushe ake ce mini, yadda ake kiran malamin boko a nan. Ina da ɗan shafi a intanet, bulog, inda nake rubuta wa 'yan ci-rani labarin gida: ruwan sama, kuɗin gero, wa ya yi aure. Sai ƙarshen wata nake zuwa sibar, shagon intanet, a Konni in zuba shi. Saboda wannan shafi aka gayyace ni taron masu bulog a Birnin Konni, aka ba ni minti goma da safe in yi magana. Na sha wahalar haddace jawabina da Faransanci har ina yin sa a bayi.

Direba ya riga ya tada mota sai ga Inna Hajo, tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin lakwal. Ta miƙo mini hoto ta taga, a naɗe cikin leda.

"Mushe, an ce za ka wurin masu injin. Ka sa min yaron ga ciki. Shekara huɗu da tahiyatai Libiya, ba wasiƙa, ba sallahu."

"Mi a sunanshi, Inna?"

Ta sunkuyar da kai. "Yaron dai."

Mota ta ja. Sai da muka fita gari na gane ɗanta na fari ne, kuma uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ko da za a yanka ta. Na nuna wa direba hoton. Ya ce, "Dogo muke ce mai. Sunan yanka sai kawunshi Malam Idi, yana aiki kamfanin siminti Malbaza." Masu laƙabin Dogo kuwa a Libiya ba sa ƙirguwa. Hoto babu suna aikin banza ne.

Tsarnawa

A mararrabar Tsarnawa jandarma suka duba takardunmu. Konni na hannun dama, Malbaza na hagu. Na tsaya bakin titi da jaka ina lissafi: in na bi hagu, minti gomana sun tafi. Gaskiya raina ya sosu, don na daɗe ina son mutanen Yamai su san akwai mai rubutu a Tajaye. Amma tsohuwar nan hotonta guda ne tak, daga bango ta cire shi. Na ɗaga wa wata babbar motar siminti hannu, na bi hagu.

Malbaza

Mai gadin ƙofa ya ce ma'aikata ba sa fitowa sai hutun rana. Na roƙe shi da Hausa, na roƙe shi da Faransancin da na haddace wa taro, ko gezau. Na zauna ƙarƙashin rumfar mai shinkafa da wake, na ci, ina kallon agogo har lokacin jawabina ya zo ya wuce.

Da rana ta take sai ga Malam Idi, fari fat da ƙurar siminti har gira. Ya goge hannu a wando kafin ya taɓa hoton.

"Isuhu. Isuhu Alhasan. Ni na riƙe ragon ran suna." Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "In ka same shi, ce mai uwatai ta tsuhwa."

Shi ya haɗa ni da direban da ke kai siminti Konni. Na zauna gaba, zafin inji na gasa mini ƙafa.

Birnin Konni

Bayan azahar ɗan kabu-kabu ya sauke ni ƙofar otel ɗin taron. Zauren cike da masu kwat, daga Yamai, Maraɗi, Agadas, har da 'yan Sakkwato. Wani na bayani kan yadda ake jawo masu karatu da talla. Ni kuwa siminti har cikin kunne.

Shugaban taron, saurayi mai taye, ya duba takardarsa. "Mushe, lokacinka ya wuce tun safe. An kira ka sau biyu."

Ban yi musu ba. Na jira aka zo tambayoyi, na miƙe, na ƙi zama. Jawabin Faransanci ya gudu daga kaina, sai na yi Hausata. Na ɗaga hoton na ce masu karanta shafina ba su cika mota guda ba, amma in kowa a nan ya sa wannan fuska a nasa, wataƙila ta kai inda yaron yake. Shugaba ya ce wannan ba tambaya ba ce. Na ce na sani.

Sai wata mata daga Agadas, Madam Fati, wadda direbobin sahara ke leƙa shafinta, ta ce, "Kawo nan. Amma kar kowa ya rubuta cewa ba shi da takardu, kar mu ja masa fitina. Suna, gari, da cewa uwarsa na nema, ya isa."

Wani ɗan Sakkwato ya ɗauki hoton a na'ura. Layin intanet na jan ciki, majigi na fitar da hoton a bango daga sama: hula, goshi, sannan idanu. Kafin a tashi na ga Dogo a shafukan mutanen da ban taɓa sani ba. Na kwana gidan wani abokin aikina, na yi barci kamar an doke ni.

Gida

Washegari da hantsi na sauka Tajaye, na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ni da hoton, ba ko lanƙwasa. Inna Hajo na bakin kaskonta. Na ba ta shi, na gaya mata gaskiya: an sa, amma babu amsa tukuna, ban kuma san ranar da za ta zo ba.

Ta sa hoton cikin zani. Na juya zan tafi ta kira ni.

"Mushe, kun rubuta sunan daidai? Kar a kira wani."

Ta waiga ko akwai mai ji. Sannan ta matso, murya ƙasa-ƙasa, tana kallon kasko.

"Isuhu," ta ce. "Isuhu a sunanshi."