Mma Awabu, Mai Roƙon Shiru a Nima

Kafin motar masu ɗaukar bidiyo ta shigo Nima, Mma Awabu ta riga ta zaga unguwa. Ta gaida mai injin niƙa, ta tambayi mai walda jikin mahaifiyarsa, ta leƙa gidan da ake dakan fufu. Aikinta ke nan shekara da shekaru: roƙon mutane su yi shiru lokacin ɗauka. Wanda ya san Nima kuwa ya san wannan ba ƙaramin roƙo ba ne.

Sunanta ba ya fitowa a talla ko ɗaya, amma waɗanda suka yi aiki da ita ba su manta ranar tallar sabulu ba. Ta sa unguwa ta yi tsit, manajan kamfanin sabulun ya zuba jawabi yana gumi. Ana cikin tafi sai ta ga Saddique mai kyamara ya yi zuru-zuru. Ashe bawan Allah bai danna maɓallin ɗauka ba. Sabon ɗauka ne a aikin, ga iyali a gida. In manaja ya ji, kora ce.

Ta matsa kusa da manaja ta rage murya. "Masa manaja, maganarka ya yi daɗi, amma hulanka ya karkace. Haka mutanen Kumasi za su gan ka?"

Manaja ya shafa hula, ya ce a sake.

Wahalar sakewar a kanta ta ƙare, don injin niƙa ya riga ya tashi, taɓare sun koma turmi. Ta sake bin gida-gida tana ba da haƙuri. Adiza mai fufu ta ƙeƙashe, ta ce masu saye na jira.

"Ajiye taɓaryan, 'yar uwa," in ji Mma Awabu. "In mun gama, ni zan daka."

Ta kuwa daka, har tafin hannunta ya yi kanta. Saddique yana nan kan aikinsa har yau, manaja kuma yana yabon matar da ta cece shi daga jin kunya.

Mma, ke ce garkuwar mai kuskure. Yanzu gwiwa ta ce ki huta, kuma wallahi za mu yi kewarki. Mun gode. Allah Ya rufa miki asiri yadda kika rufa wa wasu.

Ku kuma da kuka rage a fagen aiki, ku yi koyi da ita. Kafin ku tona kuskuren abokin aiki, ku tuna akwai bakunan da ke ci daga hannunsa.